Igiyar Guga

A Marina, bayan tsohon karofi,
Arzika tela ya kwana kan keke
yana ɗinka baƙin guga a farin ƙyalle,
a samansa ja, siriri: igiya.

Ni ke riƙe masa fitila, ina ɗan shekara tara.
Na ce, "Baba, don mi guga?
Wasu zaki suka sa, wasu takobi."
Ya ciji zare ya tofar:
"Zaki shi ɗai ka cin nama nai.
Guga kau shi ka shiga duhu
shi hito ma jama'a da abin rijiya."

Da hantsi tuta ta ratsa Ƙofar Taramniya.
'Yan garuwa suka jingine sanda suka bi ta,
majema suka bi, hannu na warin bagaruwa,
matan da ke layin famfo tun asuba
suka ɗaga bokitai, babu ko ɗigo,
suna kaɗa su har kunne ya toshe.
Ba wanda ya karanta musu takarda.
Kowa ya ga ƙishinsa a jikin ƙyalle
ya gane shi kamar ɗan'uwan da ya dawo tafiya.

Ranar da aka harba hayaƙi,
Jabbi ya naɗe ta a ƙirji, ya sha kulki,
bai saki ba.
Har ya mutu ba ya iya juya wuya.

Sai aka ci gari.

Guga ya hau ƙofar mota, ya hau hula,
aka zuba shi da ruwan gwal a ƙyauren gida.
Inji ya buga shi dubu-dubu.
Wani mai zane ya ce tana ɓata tsari,
aka cire igiya.

Baba ya daɗe tsaye gaban sabon tambari.
"Wanga kwano na," in ji shi.
"Mai shi ɗai ka sha.
In kau ya hwaɗa, wa ka jawo shi?"
Bai ƙara maganar ba, ya kama hanya.

Tutar farko tana wurina.
Da ita nake tace ruwan da nake saye.
Baƙin ya koɗe, gugan ya kusa ɓacewa,
jan ne dai ya ƙi zuba.

Jiya Hajo ta bi shi da yatsa:
"Wannan layin fa, Baba, na mene ne?"
Na rasa ta inda zan soma.
Na miƙa mata baki ɗaya, na ce, "Riƙe nan.
Kar ki saki ko hannu ya gaji, ɗiya."