Tsatsar Cikin Gida

Shekara talatin da ɗaya ina bin bututun Katsina,
daga Rafindadi har Sabuwar Unguwa,
sifana a aljihu, gwiwa a laka.
In an ce ruwan Ajiwa ya daina hawa bene
ba na tsayawa kan famfon da ya yi shiru.
Na san tsatsar da ta ci nan ta ci can.

Ni da ƙafa abin ya faro mini.
Daga Ƙofar Marusa kafin in kai kasuwa
sai sha-raɓata ta ƙulle kamar an ɗaure da waya,
in tsaya gaban mai lemo ina cinikin ƙarya
har ta sake ni.
Na ce tsufa ne. Hinde ta ce sanyi ne, ta dafa citta.

Dakta Murja ta dafa ƙafata, ta jira bugu,
bugun ya zo kamar mai jin kunya.
Sai ta kai abin sauraro wuyana.
Na ce, "Likita, ƙafa fa na kawo."
Ta ce, "Malam Lawandi, kai ne za ka faɗi haka?
Layi ɗaya ne. Maiƙon da ya kwanta a jijiyar ƙafa
yana kwance a hanyar zuciya,
yana hanyar ƙoda, yana hanyar kai.
Ƙafa ce kawai ta riga su magana."

Na tuna maigidana Barau, wanda ya koya mini yanka zare,
yana alwalar la'asar buta ta suɓuce,
ɓarin jikinsa bai sake dawowa ba.
Muka ce iska ce.

Ta ce a cikin jini akwai 'yan faci,
ƙanana, masu zumuɗi kamar sabon yaron shago.
In ka yanke, su ne gatanka.
Amma in bangon jijiya ya yi kaushi ya tsage
sai su taru su liƙe hanyar baki ɗaya.

Ta tambaye ni gyambon ciki, na ce babu,
kafin ta rubuta asfirin ƙarama, ba ta kai ƙwayar wake ba.
"Ba ta kankare tsatsa, zumuɗinsu take ragewa.
Ɗaya kullum, bayan ka ci abinci.
In ka ga baƙin bayan gida, ka zo ranar.
Ga ta kitse, ga ta hawan jini.
Sigari kuwa, ku yi sallama."

Mati mai walda ya ce in ɗan sam masa.
Na ce je ka a duba layinka tukuna,
ba kowane bututu ake wa gyara ɗaya ba.

Kilishi na yi kewa, ba zan ɓoye ba.
Tafiya kuma dole, ko ƙafa na ƙorafi.
Jiya na wuce mai lemo ban tsaya ba.
Ya ɗaga murya: "Yau ba ciniki?"
Na ce sai na dawo.