Tsohon Ƙarfe Ba Ya Shan Wuta

A tsohon siton gyaɗa na Mokoyo
ginshiƙai shidda na ƙarfen zubi
sun girmi uban Nomau.

Na jawo wayar walda, ya riƙe hannuna:
"Kashe. Ka gasa shi yau,
kafin asuba ya tsage
kamar tukunyar da aka ɗora ba ruwa."

Muka kankare tsatsa.
Ya bi su da guduma, kunne manne.
Na huɗu ya amsa da dusasshiyar murya,
ya shafa masa alli.

Sauran muka ɗaura musu kwala,
noti takwas, juyi kaɗan-kaɗan,
sabuwar azara ta sauka bisa kawunansu
ko tari ba su yi ba.

Na huɗun yana kwance bakin ƙofa.
'Yan gwangwan sun taya sau uku.
Nomau kansa yake zama ya ci tuwo.