Albarka

Ƙofa tamanin nake ƙwanƙwasawa a yini
a layukan Beeston, cikin birnin Leeds,
gidajen jan bulo, kowanne ya ɗebo kamar ɗan'uwansa,
ni da jakata, da hoton tagogin da sanyi ba ya ratsawa.

Da safe Gareth kan tara mu a ofis,
ya zana tsani a jikin farin allo:
"Yi murmushi. Kira sunan mutum sau uku.
Kada ka tambaye shi ko yana so,
tambaye shi wanne yake so.
In ya yi shiru, kai ma ja bakinka,
wanda ya fara magana shi aka kayar."
Na yi ta biyawa gaban madubin banɗaki
har haƙorana suka gaji da ni.

Wata uku, takalma biyu sun yi baki.
Ƙofa kan rufe tun ban dire sallama ba.
Karen gida mai lamba goma sha huɗu
ya haddace takuna, tun daga kwana yake zagina.
Kowace a'a in tsince ta, in jefa aljihu
kamar tsakuwa, in hau bas da nauyina.

Wani dare na kira Gusau.
Baba Tasi'u, shekara arba'in yana yankan yadi,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Sadisu, ka manta kasuwar da ta raine ka?
In mutum ya taya, tayin bai kai ba,
a'a ka taɓa ji mun ce?
Albarka muke cewa.
Ƙin ma, da addu'a ake yin sa, yaro."

Ran Talata, ana yayyafin nan nasu marar zuciya,
Doreen ta buɗe, shekararta tamanin da ɗaya,
ta ce in shigo kafin in zama jiƙaƙƙen tsumma.
Shayi da madara, biskit biyu a faranti,
hoton mijinta, direban jirgin ƙasa, a kan talabijin.
Ta tambayi sunana, ta faɗe shi daidai a karo na biyu.
Awa guda tana magana, ban tanka ba,
ba irin shirun Gareth ba,
zancen ne ya yi mini daɗi.
Sai ta jawo takardar: "Ina zan sa hannu?"

Fam dubu shida.
Kamashona kuɗin hayar wata biyu ne cur.

Na dubi tagoginta. Garau suke,
ko allura ba ta da wurin shiga.
Ba taga take saye ba,
wanda zai dawo ya auna take saye,
ya zauna, ya sha shayi, ya tambayi sunan mai hoton.

Alƙalami na rawa a hannunta,
na ji bakina ya riga ni:
"Albarka."
Ta ce, me?
Na ce, a garinmu haka ciniki ke watsewa
ba tare da an ɓata ba.
Na nemo inda sanyin ke shigo mata,
ƙasan ƙofar baya ne,
na toshe da tsohon tawul.

Gareth ya ce matsalata ba ni da yunwa.
Ina da ita. Ranar da burodi da waken gwangwani na kwana.

Har yau ƙofa tamanin ce,
sai dai yanzu taga nake fara dubawa kafin fuska,
mai lafiya in wuce ta.
Aljihun ya rage nauyi, ban san yaushe ba.

Ran Juma'a mai karen ya tare ni a bakin shinge,
katakon tagarsa ya ruɓe kamar tsohon turmi:
"Kai ne ɗan tallan da ya ƙi sayarwa?"
Bai saya ba.
Ya ce in leƙo bayan Kirsimeti.
Na ce Allah ya kai mu.
Karen ya dube ni, ya yi hamma, ya kwanta.