Na Huɗu

Daren Juma'a ban runtsa ba.
Fitila a baki, kile goma a hannu,
ina durƙushe gaban moton Zabairu
kamar mai jinyar ɗan fari.
Na wanke karbirato da esansi sau uku,
na ja sarƙa, na sassauta, na sake ja.
Buji kaɗai ne ban sayi sabo ba.
Jika biyu Illo ya ce, ba ragi,
ni kuwa kuɗin hayar gareji na bisa wuyana.
Na kankare tsohon da reza, na hure shi,
na ce masa: yi mini gobe kawai.

Da asuba Tsahara ta biyo da kwanon kunu.
Ba ta zauna ba.
Ta dubi ƙafata ta hagu,
wadda kwanar hanyar Koloma ta lanƙwasa
tun shekarar da ta yaye yaron.
Ta ce, “Nomau, shi ɗaya gare ni.”
Na ce, “Na ɗaure kowane ƙusa.”
Ta ce, “Ba ƙusa na tambaye ka ba.”

Fili bayan gari, jar ƙasa da tsakuwa,
tsofaffin tayoyi an shafa musu farar ƙasa,
igiya ta tsare rabin Tawa a gefe guda.
Ga ƴan Maraɗi da sababbin kaske,
ga wani dogo daga Agadas da ba ya magana,
ga na Ƙonni, masu cika baki tun ba a tashi ba.
Ukun farko su ne za su Yamai.
Zabairu na da lamba sha bakwai,
da fenti na rubuta ta, bakwan ta ɗan karkace.

Aka sauke tuta.

Ni ba da ido nake kallon tsere ba.
Cikin injin ashirin masu ruri
na san muryar nawa
yadda akuya ke sanin kukan ɗanta a kasuwar Lahadi.
Zagaye na uku yana na shida.
Na biyar ya shige ta ciki, gwiwa na sharar ƙasa,
mai sayar da ƙanƙara ya saki kularsa yana ihu.
Na bakwai, na uku!
Na manta da ƙafa, na yi tsalle.

A na tara ya yi tari.
Sau ɗaya, ƙanƙane,
kamar tsoho mai gyaran murya a sahun baya.
Mutum dubu a filin nan,
ba wanda ya ji sai ni.

Rabin taya.
Da rabin taya ɗan Ƙonni ya riga shi layi.

Ya tuɓe kaske, zufa ta yi masa zane a kumatu,
ya ce, “Maigida, laifina ne,
na taɓa birki a kwanar ƙarshe.”
Na sunkuya kamar mai duba mai,
na kwance bujin da zafinsa, na jefa aljihu.
Har yanzu akwai tabon a cinyata.

Tsahara ta yi sadakar ƙosai da maraice,
ɗanta ya komo da ƙafafunsa biyu,
ita ce kaɗai ta ci tseren nan a unguwarmu.

Na Yamai a waya muka kalle shi,
mu shida a kan benci, hoto na yankewa.
Zabairu na kwantar da kafaɗa a kowace kwana
kamar shi ne bisa sirdin.
Da aka gama na fiddo abin, na aza masa a tafi.
Ya juya shi, ya dubi baƙin bakinsa,
ya daɗe.
Sannan ya ce, “Nawa ne sabo?”
Na ce, “Jika biyu.”
Ya ce, “To.”
Ya ɗauki tsintsiya, ya shiga share gareji.