Gurbi Huɗu

Takarda ɗaya ce, gurbi huɗu,
magatakarda ya ce a maido ta ran Lahadi.
Wata huɗun ƙarshe a makarantar likita,
ka zaɓi inda za ka ƙare su da kanka.
Shekara biyar ana kora mu
kamar ruwa a gonar auduga,
yau an fasa kunya, an ce bi inda kake so.

Na zauna gun mai shayi, bayan asibitin Wad Madani,
biro a kunne, gahawa tana hucewa.
Mu'utasim bai tsaya shawara ba:
ɗakin hoto, ɗakin hoto, har sau huɗu,
ya cike kafin sukari ya narke.
Ya ce, "Masu tantancewa ƙirge suke yi.
Kujeru kaɗan ne, mu kuwa ga mu nan.
Wanda ya daɗe a duhu, shi za su tuna da fuskarsa."

Ni ma ɗakin nake so, ba na ɓoyewa.
Sanyinsa, shirunsa,
da yadda huhu ke buɗewa a allo
kamar rassan gawo a farin wata.
Ina so in ga abin da jiki ya ƙi faɗa.

Na kai wa Dakta Awadiyya takardar.
An ɗauke wuta, sai ta ɗaga hoton ƙirji a taga.
"Me ka gani?"
Na jero: inuwa a dama, ruwa ya kwanta a ƙasa.
"Wane ne?"
Na shiga laluben lamba a kusurwa.
Ta ce, "Gado na bakwai. Manomi ne,
yana tari tun girbin dawa, bai taɓa kwana a asibiti ba.
Shekara talatin za ka yi a duhun nan
in Allah ya ba ka.
Wata huɗu kake yi wa mutane rowa?"

Ran Juma'a na tafi gida Mai Wurno.
Kakana Jatau, mai ɗori, yana ta rufe masa ido,
amma har yau tabarmarsa ba ta rasa baƙo.
Aka kawo yaro, ya faɗo daga amalanken jaki.
Tsoho ya bi dantsen da babban yatsa,
a hankali, kamar mai neman ƙaya a riga.
"Biyu ne. Ɗaya ya hau ɗaya."
Na ce a bari mu kai shi Sinnar a ɗauki hoto.
Ya yi dariya. "Kai shi,
ka dawo ka faɗa mini ko na yi ƙarya."

Biyu ne. Ɗaya ya hau ɗaya.
Sai dai can kusa da wuyan hannu
ga wata 'yar tsaga, siririya kamar gashi.
Na dawo da ita a baki, ina jin nauyinta.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "To, ka fi ni da ɗaya.
Da kuka sa shi a injin, ya daina kuka?"
Bai daina ba.
A hannun tsohon ne kawai ya yi shiru.

Daren Asabar na cike takardar a kan gwiwa.
Wata ɗaya gun Awadiyya, don ina bukatar wasiƙarta,
ba zan yi wa kaina ƙarya ba.
Sai sashen ƙashi. Sai gaggawa a Sinnar, aikin dare.
Na huɗu na bar shi fari har gaban magatakarda,
ya buga tebur da yatsa,
na rubuta: yara.
Su ne ba sa iya cewa ga inda ke ciwo.

Mu'utasim ya leƙa, ya girgiza kai.
Ya ce na zubar da kujerata a kogi.
Wataƙila.
Na biya kuɗin shayinmu,
na tafi neman gado na bakwai
in tambaye shi sunansa.