Gwajin Ƙarfi a Bur Sudan

Tun kafin hantsi aka tara mu,
mu arba'in da bakwai, a bayan sito na tara,
inda iska ke ɗanɗanon gishiri da baƙin mai.
Sabon kamfani ya karɓi tasha,
ya ce ba mai taɓa buhu sai an gwada shi.

Lambata ashirin da biyu.
Ta babana ashirin da uku.

Shekara talatin da ɗaya Tanimu na dako a nan.
Riɗin Gadarif ya san wuyansa,
ƙaron Kurdufan ya san kafaɗarsa,
ƙeyarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.
Yau wani yaro, Dafa'allah,
mai farar riga da agogo rataye a wuya,
shi zai faɗa mana ko zai iya.

Buhu kilo hamsin, daga ƙasa zuwa kafaɗa, sau goma.
A kai shi jan layi, a dawo.
Sannan akwati: hau, sauka, hau, sauka,
minti uku, a kama wuyan hannunka a ƙirga.

Na yi nawa da haki,
buhu ya suɓuce mini sau ɗaya,
duk da haka na sami shuɗin alƙalami.

Baba ya tofa yawu a tafi.
Bai ɗaga buhun ba, lallashinsa ya yi,
ya ɗan karkata, buhu ya haye da kansa
kamar jika ya ga kakansa.
'Yan layi suka ɗau sowa.
Dafa'allah har ya manta da danna agogo.

Akwatin ne ya tona asiri.
A minti na biyu gwiwar hagu ta yi magana,
ƙarar nan da muke ji da asuba in zai yi sujada,
wadda Inna ke shafa wa man habbatus-sauda
mu kuwa mu kau da kai.
Bai tsaya ba. Ya cika ukun.
Amma jijiya ba ta san kara ba.
Yaron ya riƙe hannunsa, leɓe na motsi,
ya ƙirga,
ya sake ƙirgawa,
ya ce, "Ya Hajji, ka yi haƙuri,"
bai ɗago kai ba.

Jan alƙalami.

A hanyar gida ya tsaya wurin mai gahawa,
ya ce a zuba biyu, a sa citta,
ya hana ni biya.
Takardata na ninke huɗu, tana ƙuna a aljihu.
Ya ce, "Miƙo."
Ba ya karatu. Shuɗin ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ka ci, amma da bayanka kake ɗauka.
A haka ba za ka kai shekara goma ba.
Gobe in an idar da asuba ka same ni a tsakar gida,
akwai buhun dawar Innarka."