Takalmi Ƙafa Ɗari Bakwai

Ni ne Tanimu, baduku a Naraguta,
shekara talatin ina huda fata da basilla.
Na ga 'yan siyasa iri-iri:
mai rabon gishiri, mai rabon atamfa,
da wanda ya ba mu kalanda mai hotonsa yana murmushi.
Har yau da ita nake toshe tagar da sanyi ke shigowa.

Ita kuwa Kande Izang
ba lokacin kamfe ta zo ba.
Wata Laraba ce, ruwan Agusta na tsiyaya,
ba jiniya, ba 'yan rakiya,
daga ita sai direba sai lema mai karyayyen ƙarfe.
Ta ɗauki takalmi daga kan benci,
ta lanƙwasa, ta shinshina, ta ja ɗinkin da farce,
ta ce, "Baba, ƙafa ɗari bakwai, za ka iya?"
Na ce, Honarabul, wasa da talaka ba kyau.

Firamaren bayan Farin Gada, in ji ta,
yara na zuwa da silifas ɗaure da waya.
An ware kuɗi, 'yan kwangila sun wasa haƙora
za su lodo na roba daga Legas.
"Ga fata a Jos, ga hannu a Jos,
me zai kai kuɗinmu yawo?"

Rabin kuɗi a hannu, da keken ɗinki biyu.
Na aika aka kira Azi daga tashar mota,
inda yake kwana yana jiran lodin da ba ya zuwa.
Sagir na Dilimi ya yanko mana tafi daga tsohuwar taya.
Barau majemi ya kwashe shara daga ramukansa,
har bagaruwa ta yi tsada a kasuwa.
Mama Chundung mai gwate
ta ƙara tukunya, ta daina ba mu bashi da harara.

Ranar kai kaya ta zauna a kan buhu
tana dubawa ɗaya bayan ɗaya,
ta ware arba'in gefe guda.
"Waɗannan ba za su kai hutun Kirsimeti ba."
Ni! Da furfurata, a gaban yarana!
Kwana uku ko sunanta ban so a ambata ba.
Na huɗu na kunna fitila na duba da kaina.
Aikin dare ne, ido ya gaji, zare ya yi sako-sako.
Na warware, na sake, ban ce wa kowa komai ba.

Kada ku ɗauka roƙo nake yi, ni ba maroƙi ba ne.
Cikon kuɗina sai da ya yi wata huɗu,
sau biyar ina hawa benen ofishinta
ana ce mini fayil na kan tebur.
Taransifoman da ta ce, har yau da janareto muke,
hanyarmu kuma ta fi ƙarfin keke Napep.
In na gan ta zan faɗa mata, ta san bakina.

Amma da safe, kafin rana ta hau kan duwatsu,
nakan tsaya bakin titi da kofin shayina.
Mutane na kallon fuskokin yara,
ni ƙafafu nake kallo.
Wancan ɗinkin Azi ne, yana ɗan karkata hagu.
Wancan nawa ne.
Jiya wani ɗan ƙarami ya wuce ƙafa tsirara,
ya rungume nasa a ƙirji don kada taɓo ya taɓa.
Na ce, kai yaro, saka abinka!
Ni na ɗinka shi, na san abin da zai iya.

Wancan zaɓen ba ita na zaɓa ba,
mai kalanda ne ya ci ƙuri'ata.
Azi na ta tambayata na gaba fa?
Na ce masa, miƙo basilla,
akwai jakunkuna ɗari biyu a gabanmu.